Yadda ake lissafin ƙasar da za ta cika fangalin tudu, daga tef har zuwa baro

Mai baro da mai tifa tambaya ɗaya suke yi: "Maigida, nawa za a kawo?" Wanda ya gina fangalin tudu a tsakar gida, irin wanda ake kewayewa da bulo ko katako a cika da ƙasa don shuka salak, alayyafo, albasa ko tumatir, yawanci kallon ginin yake yi da ido ya ce a kawo baro goma. A kawo goman a juye, ƙasa ta tsaya ko rabi ba ta kai ba. Wani kuma ya kira tifa guda, a cika fangali, ragowar ta zauna a ƙofar gida har ruwan Agusta ya kwashe ta ya toshe wa maƙwabta kwata. Ido ba ya iya wannan awon. Tef ɗin magina da kalkuletar waya sun isa, in dai an bi abin daki-daki.

Kafin awo, a tabbata ana buƙatar tudun ma. Masu lambun albasa a Aliero da masu noman rani a fadamun Argungu da Birnin Kebbi fangalinsu a ƙasa yake, da ɗan kunya a kewaye, saboda ya riƙe ruwa, kuma suna da gaskiya. Fangalin da aka ɗaga sama ya fi saurin bushewa, ga shi zafin Maris zuwa Mayu a wannan yanki yakan wuce digiri 40. Tudu yana da amfani ne ga wanda tsakar gidansa siminti ce, ko ƙasarsa fako ce ko tsakuwa, ko inda ruwa ke kwanciya da damina, ko dattijon da sunkuyo ke wahalar da shi. In kana cikin waɗannan, to bismillah.

Awon ciki

Abu uku za ka auna: tsawo, faɗi da zurfi. Dukkansu daga ciki, wato daga fuskar bulo ta ciki zuwa ta ciki. Nan ne kuɗin mutane suka fi zubewa, don haka bari mu tsaya a kai.

A ce magini ya yi maka fangali da bulo mai inci shida, jeri biyu, ya ce maka mita uku ne da mita ɗaya da rabi. Awon waje ya faɗa maka. Kaurin bulo mai inci shida santimita 15 ne, kuma akwai shi a gefe biyu, ke nan santimita 30 sun tafi daga tsawo, wasu 30 daga faɗi. Abin da ya rage a ciki shi ne tsawo santimita 270, faɗi 120. Da bulon mai inci tara ne, mai kaurin santimita 22 da rabi, da 45 za ka cire daga tsawo, wasu 45 daga faɗi. Kuma tunda ba kowane gidan bulo ne ke buga shi cif yadda ya kamata ba, ga filasta in an yi, gara ka sa tef ɗin da hannunka da ka dogara da lissafin baki.

Zurfi kuma ba tsayin gini ba ne gaba ɗaya. Jeri biyu na bulo wajen santimita 45 ne, ya ɗan fi haka in an sa siminti a tsakani. Ba a cika fangali har baki. Ana barin kamar santimita 5 domin ruwan ban-ruwa ya samu wurin tsayawa, da ɗan ciyawa ko ganyen da za a rufa a sama. Saboda haka zurfin ƙasarmu 40 ne.

In filin ba a daidaice yake ba, wani gefe ya fi wani gangara, ka auna zurfi a kusurwa huɗu, ka haɗa, ka raba gida huɗu. In ka samu 30, 32, 40 da 42, jimla 144, rabawa huɗu ya ba ka 36. Da shi za ka yi aiki.

Wanda bai gina ba tukuna yana da damar zaɓen zurfin da kansa, kuma abin da zai shuka shi zai faɗa masa. Salak, alayyafo da albasa saiwarsu ba ta nisa, santimita 20 ta ishe su. Karas, tattasai da attarugu suna son 30. Tumatir, kuɓewa da yalo sun fi sakewa a 40 zuwa 45. In gindin fangalin a buɗe yake a kan ƙasa, aka kuma sassare ta da diga kafin a zuba sabuwa, saiwa za ta ci gaba da sauka, ana iya rage zurfin. In a kan siminti yake, abin da ka zuba shi ke nan abin da shuka za ta samu. A ganina, a ƙasar Kebbi da Zamfara kada a yi ƙasa da 30 ko da salak ne, domin ƙasa maras kauri kafin azahar ta ɗau zafi har gindi, sai ka koma ban-ruwa safe da yamma kuma shukar na yaushi. Faɗi kuwa kada ya wuce 120, don hannu ya kai tsakiya ta kowane gefe ba sai an taka ƙasar ba.

Lissafin kansa

Ka bar komai a santimita. Ka ninka tsawo da faɗi, abin da ya fito ka ninka shi da zurfi, sannan ka raba da 1,000. Amsar lita ce.

A namu misalin, 270 sau 120 ya ba da 32,400. Wannan sau 40 ya ba da 1,296,000. A raba da dubu, ko a yanke lambobi uku na ƙarshe, ya zama lita 1,296. Mu ce 1,300. Lita dubu ita ce kubik mita ɗaya, ke nan fangalin na cin kubik mita 1.3.

Yanzu dubi wanda ya ɗauki awon waje da tsayin gini gaba ɗaya: 300 sau 150 sau 45, lita 2,025. Bambancin ya haura lita 700, kusan baro goma sha biyu da zai biya kuɗinsu ba tare da wurin zuba su ba.

Masu aiki da ƙafa da inci, kamar kafintoci da yawancin magina, su ma hanyarsu ɗaya ce, sai dai su mai da komai ƙafa tukuna. Akwatin katako mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, zurfin ƙafa 1 ya ba da 32. A ninka da 28.3, domin kubik ƙafa ɗaya lita 28.3 ce, a samu lita 906. Tarkon yana wajen zurfi, saboda shi aka fi faɗa da inci. In zurfin inci 10 ne, ba a cewa 8 sau 4 sau 10. Sai an raba goman da 12, ta zama 0.83, sannan a ninka, a samu wajen lita 750. In wannan ya dame ka, juya tef ɗin kawai, ɗaya gefen santimita ne.

Ƙarin da za a yi saboda zama

Ƙasar da aka haƙo aka loda a baro a kumbure take, da iska a tsakaninta. Da zarar ta sha ruwa sau biyu ko uku za ta zauna, ka ga fangalin da ka cika jiya ya sauka da faɗin yatsu uku ko huɗu. Akwai kuma wani ragin da ba a lura da shi: in ka gauraya ƙasa da yashi da taki, ƙananan ƙwayoyi na shigewa tsakanin manya, kamar yadda in ka zuba mudun gero a cikin mudun gyaɗa ba za ka samu mudu biyu cif ba. Shi kansa takin yana ci gaba da ruɓewa yana raguwa.

Don haka ana ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a kan amsar. In haɗin naka mai yawan taki da ɓuntun shinkafa ne, ka ɗauki 20. In yawancinsa ƙasa ce zalla, 10 ta isa. Tsaka-tsaki 15: ka ninka 1,296 da 1.15, ka samu 1,490. Mu ce lita 1,500. Wannan ce lambar da za ka riƙe.

Daga lita zuwa abin da ake ɗauka da shi

Babu mai sayar maka da ƙasa da lita. Da baro ake ciniki, ko amalanke, ko buhu, ko tifa, kuma babu ɗayansu da ke da ma'auni tsayayye. Baron wani ya fi na wani zurfi, wani an yi masa walda an ƙara masa baki, wani yaron yana cikawa ya yi tozo, wani yana tsayawa a rabi don hanya da nisa. Saboda haka kana buƙatar abu ɗaya da ka san cikinsa, ka auna sauran da shi.

Babban bokitin fenti na roba ya fi komai sauƙi, lita 20 yake ci, kuma da wuya a rasa shi a gida. In kana shakkar naka, cika jarkar mai ta lita 25 da ruwa ka juye a ciki, ya kamata kusan kashi ɗaya cikin biyar ya rage a jarkar. Da wannan bokitin, lita 1,500 bokiti 75 ke nan.

Sai ka auna baron da za a yi aikin da shi. Ka cika bokiti da ƙasa, ka shafe bakinsa da katako ba tare da dannawa ba, ka juye a baro, ka yi ta yi har baron ya kai yadda mai turawa zai iya tafiya da shi bai zubar ba. In bokiti uku ya ci, baron lita 60 ne, kana buƙatar baro 25. In huɗu ya ci, lita 80 ne, baro 19 sun isa. Ka ga bokiti ɗaya tak ya kawo bambancin baro shida. Ka yi wannan gwajin a gaban mai baron, ku shaida tare, ka ce masa: "Ɗan'uwa, ga cikar da muka yi ciniki a kanta, kowane sawu haka nake so." Yana rage gardama da yamma. Kuma a samu yaro ya riƙa jan layi a bango da gawayi duk sawu, don bayan na goma sha biyar kowa ƙirgensa daban yake zama.

Amalanke da tifa akwati ne, lissafinsu irin na fangali ne. Ka auna cikin bodin, tsawo da faɗi, da inda lodin ya tsaya. Amalanken da cikinsa ya yi 150 da 100, lodi ya kai 30, lita 450 ya ɗauko, sawu uku da ɗan ƙari ke nan. Tifar da bodinta ya yi mita 3.5 da 2.2, lodi ya kai santimita 60, ta ɗauko kubik mita 4.6, wato abin da zai cika fangali irin namu uku. Mai fangali ɗaya ba shi da dalilin kiran tifa sai in zai haɗa kuɗi da maƙwabta su raba. In kuma da buhu za a kawo, buhun siminti da aka zazzage yana ɗaukar wajen lita 33 zuwa 35, manyan buhunan hatsi kuwa ka auna su da bokiti, kuma ba a cika su da ƙasa don ba mai iya ɗagawa.

Raba jimlar tsakanin ƙasa, taki da yashi

Baro 25 ɗin nan ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Yadda za a raba su ya danganta da irin ƙasar da ke kusa da kai, kuma hannu ya isa ya gaya maka. Ka jiƙa ɗan dunƙule ka matse. In ka buɗe hannu ya warwatse nan take, jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa. In ya dunƙule yana sheƙi har kana iya murza shi ya yi tsawo bai karye ba, laka ce irin ta fadama. In ya dunƙule amma ka taɓa shi da yatsa ya farfashe, ka dace.

Mai ƙasa mai kyau ya raba gida biyar: uku ƙasa, ɗaya ruɓaɓɓen taki, ɗaya yashi ko ɓuntu. A baro 25, ke nan 15, 5 da 5. Wanda baƙar lakar fadama ce a kusa da shi, kamar mutanen bakin gulbi, ya yi biyu laka, biyu yashi haɗe da ɓuntu, ɗaya taki: 10, 10 da 5. Laka tana da ƙarfi ƙwarai, amma in aka zuba ta ita kaɗai a cikin bulo, da ruwa ta zama taɓo, da rana ta tsage ta ƙanƙame. Mai jigawa kuma ba ruwansa da yashi, laka zai nema: uku jigawa, ɗaya laka, ɗaya taki, in da hali ma ya ɗan ƙara takin, don shi ke riƙe mata ruwa.

Ɓuntun shinkafa abu ne da Allah ya hore wa Kebbi, a bayan kowane injin casa tsibi yake. Yana sa ƙasa ta yi sako-sako. Sai dai ɗanyensa, yayin da yake ruɓewa, yana janye abincin da ganye ke buƙata, sai ka ga alayyafo ya yi rawaya. A nemi wanda ya kwana biyu ya yi baƙi, ko a babbaka shi ya zama gawayi ba tare da ya koma toka ba. Taki ma haka: kashin shanu ko na awaki da tumaki wanda ya ruɓe, ya daina wari da zafi, yana marmashewa a hannu. Kashin kaji ya fi su ƙarfi nesa, in shi ne a raba adadin biyu, a cike gurbin da ƙasa, kuma kada a kusanci sabonsa, ƙone shuka yake yi.

Inda za a ɗebo ƙasar ma abin dubawa ne. Ta sama ake so, kamar tsawon bakin shebur ɗaya. Jar ƙasar da ake tonowa daga ramin masai ko harsashin gini ba ta da abinci, ta cikon gindi ce kawai. Ƙasar bola takan yi baƙi ta burge, amma a tace ta da rariyar yashi, kuma in akwai fasassun batura ko baƙin mai a wurin a bar ta. Mafi muhimmanci, kada a ɗauki ƙasa daga inda ake niƙa ko wanke dutsen zinariya. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga irin wannan niƙa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, ba ta da wari, kuma ƙurarta na maƙalewa a ganye da hannun yara. In mai kawo ƙasa bai iya faɗa maka inda ya ɗebo ta ba, ka nemi wani.

Fangalin da ba murabba'i ba

Wasu da zoben rijiya suke yi, ko rabin duro, ko tsohon baho. Duro na ƙarfe lita 200 yake ci, rabinsa 100, bokiti biyar, an gama. Zobe kuwa, ka auna faɗin bakinsa daga ciki, ka raba biyu, ka ninka rabin da kansa, ka ninka da 3.14, sannan da zurfi, ka raba da dubu. Zoben da bakinsa ya yi 90, rabi 45. To 45 sau 45 ya ba da 2,025, sau 3.14 ya ba da 6,358, sau zurfin 50 ya ba da kusan 318,000. Lita 318, bokiti 16, a ƙara biyu ko uku na zama. Baho da duk abin da bakinsa ya fi gindinsa faɗi, kafin a huda shi a cika shi da ruwa ana ƙirga bokiti. Fangalin da ya bi kwanar katanga a yanka shi gida biyu a takarda, a lissafa kowanne, a haɗa, a kula kada a ƙirga kusurwar sau biyu.

In ginin ya yi tsayi, misali jeri uku, ba dole ne a cika shi duka da haɗi mai tsada ba. Santimita 35 zuwa 40 na sama su ne na haɗin, na ƙasa a cika da kowace irin ƙasa mai tsabta da ruwa ke wucewa a cikinta, a lissafa kowane hawa daban da zurfinsa. Akwai masu ba da shawarar a jera itace da karan dawa a gindi don rage kuɗi. A inda gara ta yi yawa kamar namu, ni ban goyi bayan haka ba, ga shi in karan ya ruɓe ƙasar za ta rufta fiye da yadda ka lissafa. Wanda kuma yake tunanin ɗora fangali a saman bene ya san cewa lita 1,300 ta jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kai tan biyu, ban da nauyin bulo. Sai ya tambayi injiniya tukuna.

Ranar cikawa

A gauraya a waje, a kan siminti ko shimfiɗaɗɗiyar leda, sawu-sawu: baro uku na wannan, ɗaya na wancan, ɗaya na wancan, a juya da shebur har launin ya zama ɗaya. In gindin siminti ne, a tabbata an bar ƙofofin ruwa a jerin bulo na ƙasa kafin a zuba komai. A zuba kamar santimita 15, a baje da manjagara, a yayyafa ruwa, a ƙara wani hawan. Kada a hau a tattake. In an kai layin da aka bari a ƙasan baki, a shayar da shi sosai, a bar shi mako ɗaya zuwa biyu ana ba shi ruwa, ciyawar da ta zo da takin ta tsiro a cire ta, ƙasar ta zauna, sannan a cike da abin da ya rage. Wanda ke son ya kama sanyin hunturu don salak, karas da kabeji, ya yi wannan aikin a Oktoba, ruwa ya ɗauke, laka ta sha iska ta daina manne wa shebur.

Duk shekara fangalin zai ɗan sauka, kuma ba sai an sake dogon lissafi ba. Kowane murabba'in mita ɗaya, santimita ɗaya na zurfi lita 10 ce. Fangalinmu 2.7 sau 1.2 ne, murabba'in mita 3.24. In ya sauka da santimita 5, to 3.24 sau 5 sau 10, lita 162, bokiti takwas. Wannan cikon yawancinsa ruɓaɓɓen taki ya kamata ya zama, tunda shi ne ya ƙare, ƙasar da yashin suna nan. A zuba shi a sama, a cuɗa shi da santimita goma na farko da ƙaramar fartanya, a ba shi ruwa kwana uku ko huɗu kafin dashe.